Rigar Fata Mai Aljihu a Gefe

Na daɗe ina zancen rigar fata irin ta masu babur, har matata ta ce mu je in saya ko kunnenta ya huta.

Muna shiga shagon idona ya faɗa kan wata baƙa mai sheƙi, zif ko'ina. Na saka, na tsaya gaban madubi ina juyi kamar sabon ango.

Mai shagon ya jawo benci. "Malam, ba a gwada rigar babur a tsaye. Hau nan, ka miƙa hannu kamar kana tuƙi."

Na hau, na miƙa. Hannun rigar bai ɗage ba, kafaɗa ba ta matse ni ba. Na ce a naɗe min ita.

"Dakata tukuna, maigida," in ji matata. Ta ajiye jaka, ta zauna a bayana yadda take yi kullum idan zan kai ta aiki. Sai na ji tana laluben gefen cikina.

"Wannan ba ta yi ba. Aljihunta a ƙirji yake."

"To, ina ruwanki da aljihuna?"

"Duk shekarun nan, ina kake tsammani nake ɓoye yatsuna in ana sanyin safe?"

Mai shagon ya yi dariya, ya sauko da wata ruwan ƙasa marar ado, mai zurfin aljihu a gefe. Na saka. Ta zura hannuwanta duka biyu, ta kwantar da kai a bayana.

"Ja mu tafi," ta ce.

Ko madubin ban sake kallo ba.