Muryar Hajiya Alima a Ajin Basiratu

Malama Basiratu ta daɗe tana koyar da tarihi da Larabci a wata makarantar Islamiyya a Zongon Kumasi, amma ba ta taɓa tsara darasi a kwamfuta ba. Da aka buɗe kwas na malamai a Kwadaso, Alhaji Osmanu mai makarantar ya ce ita za ta je. Duk Asabar sai ta hau motar haya ta trotro daga tashar Race Course da aron kwamfutar makaranta a jaka.

Malam Taufiq, wanda ke koyar da su, ya ba su aiki. Ya ce kowa ya tsara darussan zangon karatu guda a kan tarihin unguwarsa.

"Ku nemo majiya a intanet," in ji shi. "Amma duk abin da kuka samu, ku san wa ya ajiye shi, kuma yaushe."

Ranar Litinin bayan azahar, yara sun watse, Basiratu ta zauna ita kaɗai a aji tana bincike. Can ta faɗa wani shafi na tsofaffin muryoyi. Ɗaya an rubuta mata "makarantar mata, Zongo, Kumasi", ba suna, ba shekara. Ta kunna.

Muryar wata tsohuwa ce, a natse, tana biya wa yara haruffa suna amsawa. Daga bayansu wata ƙofa ta yi ƙara. Basiratu ta ɗaga kai ta dubi ƙofar ajinta, domin ita ma haka take kuka duk sanda aka tura ta. Tari ya sarƙe ta. Nan take tsohuwar ta yi shiru, yaran ma suka yi shiru.

"Ke da ke bakin taga," in ji muryar, "gyara mayafinki."

A bakin taga Basiratu take zaune, mayafinta kuwa ya zame zuwa kafaɗa. Ta gyara shi kafin ma ta yi tunani. Karatu ya ci gaba.

Ta mayar da muryar farko. Wannan karon babu maganar mayafi. Da aka iso daidai wurin, tsohuwar cewa ta yi, "Kin dawo? To zauna daidai."

Ranar Asabar ta kai wa Malam Taufiq. Ya saurara har ƙarshe, bai ji komai ba sai haruffa. Ya duba shafin sama da ƙasa, bai ga wanda ya ɗora muryar ba.

"Malama, majiyar da ba ta da mai ita ba a sa ta a darasi. Ki nemi wata."

Ba darasin ne ya dame ta ba. Washegari da hantsi ta sami Alhaji Osmanu a ƙofar gidansa yana shan koko. Ta kunna masa. Bai daɗe yana ji ba ya ajiye kofin a ƙasa.

"Gwaggona ce, Hajiya Alima. A ajin nan naki ta koyar har Allah ya yi mata rasuwa, ina yaro. Ko hoto ba ta yarda an ɗauke ta ba, balle murya."

Basiratu ta gaya masa abin da muryar ta ce mata. Alhaji bai yi mamaki ba, wannan ya fi komai tayar mata da hankali.

"Ta kira sunanki?"

"A'a, Baba Alhaji."

"To kada ki ƙara kunnawa. Wanda ta kira, ba ya tashi sai ta sallame shi."

Basiratu ta bi maganarsa. Ta zagaya gidajen tsofaffin unguwa ta ji ta bakinsu, ta haɗa da tsofaffin hotuna masu majiya da ta samo a intanet, ta gama tsarinta. Malam Taufiq ya yaba, ta karɓi shaidar kammala kwas.

Da sabon zango ya kama, wata safiya tana biya wa yara karatu ta ja wani harafi fiye da kima. Ajin gaba ɗaya ya gyara mata da murya ɗaya, da wani irin lafazi na mutanen da wanda ba ta taɓa koya musu ba.

"Wa ya koya muku haka?"

Suka dubi juna, kamar tambayar ba ta da ma'ana.

"Hajiyar da ke zuwa kafin ki iso," in ji wata yarinya mai suna Ummu.

Daga ranar Basiratu ta riƙa sammako. Komai saurinta, sai ta tarar da yaran zaune a layi, hannu a gwiwa, ba mai motsi, suna kallon allo. Takan tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama, ta ɗan jira, sannan ta shiga.