Safar da Baba Ya Saƙa

Shekara talatin da biyu Baba yana jan babbar mota, kuma da a lokacin wani ya ce masa wata rana zai zauna a kujera yana saƙa da ƙwarashi, wallahi da sun kwashi 'yan kallo. To ciwo bai tambaye shi ba. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ya tashi da ƙyar, likita ta ce yatsun nan sai an ba su aiki kullum, in ba haka ba su sandare. Auta, 'yarsa da yake zaune a gidanta, ta ɗora masa ƙwarashi da ragowar baƙin ulu a cinya.

"Ni? Saƙa? Ke Auta, ki kiyaye ni!"

Kwana uku yana hararar kayan. A na huɗu ya ɗauka, wai don ya ga mene ne abin wahala a ciki. Shi ke nan ya kamu. Kullum bayan karin kumallo yana bakin taga, hagu na riƙe zare tana rawa, dama na sarrafa ƙwarashi, yana ƙirga idon saƙa da ƙarfi yana tsaki. Ya saƙa ya warware ya fi a ƙirga.

Abu ɗaya ne ya gagare shi. In an gama saƙa, akwai jelar zare da ke saura, kuma Auta ta nuna masa yadda ake zura ta a allura a ɓoye ta cikin saƙar. Ina! Hannun da ke rawa zai sami kafar allura? Girman kai kuma ya hana shi cewa a taimaka masa. Da ya gama abinsa na farko, safa biyu 'yan mitsi-mitsi na jikarsa mai wata biyar, wadda yake kira Amarya, sai ya cusa jelolin can ciki inda ido ba ya kaiwa.

Ranar Talata mai reno ba ta zo ba. Auta ta tsaya a bakin ƙofa da jakar aiki, tana kallonsa tana kallon jaririyar. Tun da ya kwanta ciwo ba ta taɓa barinsu su biyu ba.

"Baba, za ka iya kuwa? Awa uku ne kawai."

"Ke da na goya? Tafi abinki. Ni da amaryata muna da zance."

Tana fita ya sa wa Amarya safar. Ta yi ta wutsil-wutsil da ƙafa tana dariya, shi ko baki har kunne.

Wajen ƙarfe sha ɗaya ta fara kuka. Ya ba ta madara, ta ture. Ya duba ƙunzugu, a bushe. Ya jijjiga ta, ya yi mata waƙa da muryarsa ta tsohon direba, kukan ya ƙara tashi, irin wanda bai taɓa ji a bakinta ba, tana miƙewa tana shiɗewa. Ya rarumo waya. Ya kira Auta sau biyu, ba ta ɗauka ba.

Ko zafi take ji? Ya cire mata riga. Ya zare safar dama. Ya ja ta hagu, ta ƙi fitowa, Amarya kuma ta tsala wata irin ƙara da ta sa ya saki.

A hankali ya naɗe safar baya. Innalillahi! Jelar zaren ta warware ta zama sili-sili, ɗaya ya nannaɗe yatsan da ke kusa da babba. Yatsan ya kumbura ya yi baƙi-baƙi kamar nunannen inabi, silin ya nutse cikin nama har ba a ganinsa sosai.

Ya ɗauko almakashi ya datse zaren daga jikin safar, ya tura ta aljihu. Sai ya kai bakin almakashin kusa da yatsan. Dole hagu ta riƙe ƙafar, hagu kuwa rawa take, ƙafar ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Ya ga in ya kuskura, da hannunsa zai cire wa yarinyar nan yatsa. Ya ajiye almakashin.

Akwai ƙaramin asibiti a ƙarshen layi, amma a bene suke, matakala goma sha huɗu, kuma shi kaɗai ma sai ya dafa ƙarfe yake sauka. Hannun da zai dafa shi ne ke riƙe da Amarya. Ya zauna a matakalar farko, ya manna ta a ƙirji, ya dinga jan gindi yana sauka ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Yi haƙuri, amaryata, yi haƙuri." A titi ya ja ƙafar hagu yana haki, masu shago na leƙowa, bai ko dube su ba.

A asibitin, nas tana ganin yatsan ta daina tambaya. Ta kunna fitila, ta ɗauko madubin ƙara girma da wani siririn ƙarfe. Baba ya jingina da bango.

"Malama, zai tsira? Yatsan?"

"Baba, bari in cire tukuna."

Ta daɗe, ko shi ya ga ta daɗe. Daga baya ta ɗago wani siririn baƙin abu ta jefa a kwandon shara. Suka zuba wa yatsan ido. Baƙi dai, baƙi dai. Can sai ya fara yin ja daga gindi.

"Alhamdulillahi, jini ya fara gudu. Da kun ƙara awa ɗaya, da wani zancen ake yi."

Ana haka Auta ta faɗo ɗakin, ta ga kiransa ta dawo gida, masu shago suka nuna mata inda ya nufa. Ta sure 'yarta tana tambayar me ya faru.

"Wani sili ne ya ɗaure mata yatsa," in ji nas. "Yawanci gashin uwa ne, kin san bayan haihuwa yana zuba. Ki riƙa dubawa."

Auta ta kai hannu kanta, ta fashe da kuka. "Ni ce? Wayyo Allah, ni na yi mata? Ni na shirya ta da safe! Baba, ba don kai ba..."

Ba wanda ya ga safar. Baba ya san in ya ja bakinsa ya yi shiru, shi ne gwarzon yau, kuma gobe ma za a bar masa Amarya. Ya dubi 'yarsa tana kuka tana neman gafarar jaririya.

Ya sa hannu a aljihu ya fito da safar, ya juya cikinta waje, jelolin na reto.

"Auta, ba gashinki ba ne. Zarena ne. Ban ɓoye su yadda kika ce ba."

Kukanta ya tsaya. Ta dubi safar, ta dube shi. Sai ta ɗauke Amarya daga kafaɗar da ke kusa da shi ta mayar da ita ɗaya kafaɗar.