Mai Ja ko Mai Fari

"To, wanne ne jikan nawa a cikinsu?" in ji Malam Lurwanu daga kan gado.

Abdulganiyyu ya ƙara matsawa kusa da talabijin. Shekara ashirin suna maƙwabtaka a bene ɗaya a unguwar Hindawiyya, nan kusa da Harami, kuma wata biyu ke nan da ciwo ya kwantar da abokin nasa. Nora, 'yar Lurwanu, ita ta kunna musu wasan bayan la'asar, ta fita sayo magani. Ta ce jami'ar da ɗanta Rakan yake karatu a Amurka ce ta samu zuwa babban wasan ƙarshen shekara, jiya aka buga. Rakan yana cikin masu buga ƙwallon, lambar rigarsa talatin da takwas.

Ƙarti ne sanye da hulunan kwano, kafaɗu kamar an cusa matashi, ƙwallon kuwa sai ka ce gwanda. Su sunkuya, su rufta wa mutum ɗaya, a busa usur, su sake sunkuyawa.

"Faɗa suke yi?"

"Wallahi ban sani ba, ya Abu Nora. Na ga dai ba wanda ya raba su."

"Shekara huɗu ban ga yaron nan ba. Duba da kyau."

Ya duba. Can gefen fili ya hango talatin da takwas cikin jar riga. Zai buɗe baki ke nan, sai ga wani talatin da takwas cikin farar riga ya gifta da gudu. Nora ba ta faɗi launi ba. Ya kira wayarta, ya ji tana ringi a kicin.

Numfashin Lurwanu ya fara sarƙewa. "Ka gan shi?"

Abdulganiyyu ya ɗora yatsa a kan mai fari. "Ga shi nan."

"Masha Allah. Ya yi ƙiba." Tsohon ya ɗaga hannu da ƙyar. "Allah ya tsare min kai, kada su danne ka."

Abdulganiyyu ya ci gaba da bin mai farin da ido, yana ba da labarin abin da shi kansa bai gane ba. Sai da ya yi tambaya sau biyu ba amsa sannan ya waiwaya. Ya taɓa hannun, ya yi salati, ya rufe masa ido.

Washegari, bayan an yi masa salla a Harami an kai shi, Nora ta miƙo wa Abdulganiyyu waya. Rakan ne, muryarsa a dishe, Hausarsa rabi Larabci.

"Ya ammi, baffa, Sidi kakana ya gan ni? Sau ɗaya bas, ɗaya tak, aka sa ni a wasan."

"Ya yi maka addu'a, ɗana. Da kunnena na ji."

Ya so ya tambaye shi launin rigarsa, sai ya fasa. Ya mayar wa Nora da wayar, ya fita baranda ya tsaya. A ƙasa masu ta'aziyya suna ta cire takalma a bakin ƙofa, wata kyanwa tana bi tana shinshinawa.