Allon Bakin Rijiya

Malam Barau ya iso tsohuwar rijiyar Ɗanzomo da hantsi, ya tarar da mata sun yi cincirindo a daidai wurin da ya rubuta cewa kada kowa ya taka. Damina ta zaizaye bakin rijiyar, masu gyara kuma sai bayan sati za su zo daga Gumel. Shi ya sa mai gari ya roƙe shi ya kafa allon gargaɗi.

Shi kuwa Malam bai iya yin abu rabi da rabi ba. Ya zauna ya tsara ajami, ya kewaye shi da zayyana ja da rawaya. Ga shi yanzu Iya Asama'u tana tsaye a kan ƙasar da ta tsage, tana wanke allon a ƙwarya.

"Iya, me kike yi haka?"

"Tabarraki, Malam. Rubutu mai kyau irin wannan ai na sha ne."

Ya lallashe su suka ja baya, ya ɗauko allonsa ya koma gida.

Matarsa Murja tana tsakar gida tana yi wa ƙwarya zane da wuƙa mai zafi. Ta ji labari, ta yi dariya har da hawaye.

"Malam, a cikinmu wa ya iya karatu? Ka yi wa allo kwalliya kamar amarya, ka ce a guje shi?"

Ya gwada munana hannunsa har sau uku. Ina, shekara arba'in yana horar da hannun nan, ko karkacewa harafi ya ƙi yi.

"Aya ce?" in ji Murja.

"A'a, Hausa ce kawai."

"To miƙo."

Ta mayar da wuƙa wuta, ta bi haruffansa tana ƙonawa. Wannan ta yi masa farata, wancan haƙora, dogon nan ta lanƙwasa shi kamar wutsiyar kunama. Malam yana kallo, ransa na sosuwa, amma shi kansa sai da tsikar jikinsa ta tashi.

Da aka kafa allon, ko akuya ba a bari ta bi ta wurin. Aka fara raɗe-raɗin cewa Malam ya koma rubutun aljanu. Iya Asama'u ta daina gaishe shi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma bai musa wa kowa ba.

Ran Laraba da la'asar, lokacin da mata suka saba ɗibar ruwa, rijiyar ta rufta. Ta tafi da allon, ba ta tafi da kowa ba.

Malam ya dawo ya zauna kusa da murhun Murja.

"Allon nake jin takaici," ya ce. "Ba a taɓa yin rubutu mai amfaninsa a gidan nan ba."

Ta tura masa furarsa.

"Samo wani. Amma wannan karon ka faɗa mini sunayen haruffan."