Yatsu Uku a Kafaɗar Amarya

Yatsu uku ne a kan kafaɗar amaryar, kuma babu mai su a cikin hoton. Auta ta hango su ne ta gilashin shagon mai hoto, wata rana da cunkoso ya tsayar da motar hayar da take ciki daidai ƙofarsa. Hoton babba ne, ya kusa tsawon mutum, an kafa shi yana kallon titi don jan masu biki. Amaryar da ke ciki yayarta ce. Yatsun kuwa, da zoben azurfa a na tsakiya da farcen da ƙofar mota ta taɓa fasawa, na Babansu ne.

Lokacin bikin Yaya, Baba bai daɗe da tashi daga ciwon da ya shanye masa ɓarin jiki ba. Bakinsa ya karkace, idonsa na hagu yana zubar da ruwa ba tare da kuka ba. Duk da haka ya sa aka yi masa aski, aka goge rigar da ya fi so, ya ce ko da rarrafe ne sai ya tsaya bayan 'yarsa an ɗauke su tare. Auta ce ta riƙe ƙugunsa ta baya, ta duƙa don kada ta fito, tana jin yadda ƙafarsa mai lafiya take rawa. Da kundin hotunan ya iso gida, Baba ya bi shi shafi-shafi da hannu ɗaya har ƙarshe, ya dawo farko ya sake bi. Babu shi. Inda ya tsaya an shafe, an mai da wurin labule. Ya rufe kundin ya ce hotuna sun yi kyau. Kafin shekara ta zagayo ya rasu, ya bar su da hoton katin aikinsa na lokacin yana saurayi.

Auta ba mai magana ba ce. A wurin aikinta ma sai a manta tana ɗakin. Amma abin da ta haɗiye ba ya narkewa, kuma mai hoton nan, wanda kowa ke kira Ƙyas, ya daɗe zaune a maƙogwaronta.

Da nata auren ya taso, gwaggon ango ce ta yanke maganar mai hoto: Ƙyas za a ɗauka. Gwaggo ce mai babban ɗakin taron biki na unguwar, rabin aikin Ƙyas daga bakinta yake fitowa. Ranar da Auta ta je gaishe ta, ta tarar da mijin Gwaggo a keken guragu, bakinsa a karkace irin na Baba. Ta ga Gwaggo ta katse waya ta goge masa haɓa da gefen mayafinta, ta kuma harari wata baƙuwa da ta kira shi mara lafiya. A nan kan tabarma, kanta a sunkuye, Auta ta ga hanyar ramuwarta. Ta ce duk wanda Gwaggo ta zaɓa ya yi mata, alfarma ɗaya take roƙo, Gwaggo ta raka ta shagon su ga aikinsa.

Yaya ce ta ba ta wahala. Da Auta ta faɗa mata shirin, sai ta ce ɗanta yana zazzaɓi, washegari ta ce mijinta yana da baƙi, daga baya ta ce a bar matattu su huta, ramin mugunta a gina shi gajere. Auta ta ce rama cuta ga macuci ibada ce, kuma hoton wa aka rataye a titi in ba nata ba? Ta ɗauka zafin abin ne yake hana Yaya zuwa, don haka ta je har gida ta tsaya mata a kai sai da ta yafa mayafi.

Shagon yana da sanyi da ƙamshin turaren fesawa. Fitilu masu lema a tsaye a kusurwa, an manne wayoyinsu a ƙasa da baƙin salatif, ga wata doguwar kujera ta zinariyar ƙarya da amare suka zauna a kai har ta lotsa. Ƙyas gajere ne mai yawan motsi. Yana ganin Gwaggo ya cire hula, ya aika aka kawo lemo mai sanyi, yana ta Hajiya uwar marayu, Hajiya mai ɗakin alheri. Bai gane Yaya ba. Haihuwa biyu da tabarau sun raba ta da matar da ke jikin gilashinsa, ita ma ta zaɓi kujerar da ke bayan fitila.

Ya baje musu aikinsa a babban allon kwamfuta. Ya nuna amaryar da ya rage wa kumatu, angon da ya ƙara wa tsawo, uwar ango da ya cire wa shekara goma ba tare da asibiti ba. Gwaggo ta yi dariya ta ce ita a cire mata ashirin. Auta ta bari dariyar ta kwanta, sannan ta yi tambayar da ta daɗe tana maimaitawa a ranta. Murya ƙasa-ƙasa, kamar mai jin kunya, ta ce idan a dangi akwai wanda fuskarsa ba ta fita da kyau fa, yaya yake yi?

Ƙyas ya tafa hannu. Ya ce ai nan ne gwanintar take. Ya je ya juyo da babban hoton daga jikin gilashi ya jingine shi a gabansu.

"Amarya, dubi wannan da kyau. Kin ga labulen nan? Wallahi wani tsoho ne a wurin. Baki ya tafi gabas, ido ya tafi yamma, ga yawu. Na cire shi kamar ƙashin kifi, ko tabo babu."

Gwaggo ta ajiye kwalbar lemonta a ƙasa a hankali. Auta ta ga jijiyar wuyanta ta tashi, sai wani daɗi mai ɗaci ya cika mata baki. Ta miƙe ta ɗora yatsanta a kan zoben azurfar.

"Akwai tabo," in ji ta. "Mahaifina ne."

Ƙyas ya juya wajen Gwaggo. Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye shi ko maigidanta ma, ranar da zai shiga hoton ɗan ɗan'uwanta, labule za a mai da shi. Ta ce ashe shekara da shekaru tana turo masa 'ya'yan mutane yana yi wa iyayensu ƙashin kifi. Gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin fanka. Ya rantse, ya sake rantsewa, ya ce subul da baka ne, ya ce shi ma yana da uba. Auta tana tsaye tana kallonsa, ba ta so ko ƙifta ido ta yi don kada wani abu ya wuce ta.

Cikin neman mafita ne idonsa ya faɗa bayan fitila. Ya dubi hoton, ya dubi matar mai tabarau, ya sake duban hoton.

"Hajiya, ni ba na cire mutum sai an ce in cire," ya ce. "Ga mai hoton nan a zaune, a tambaye ta."

Ba wanda ya tambaye ta, shi ma bai jira ba. Ya ce bayan biki ta zo ita kaɗai, ta zauna a wannan kujerar ta gaban allo. Ta ce dangin miji za su yi ta buɗa kundin, ba ta son su riƙa nuna tsohon da baki. Shi da kansa ya ce mata tsohon ya yi ƙoƙarin tsayuwa, a bar masa ko ɗaya, ta ce a'a. Yatsun kuma sun hau kan adon rigar, in ya goge su aikin duwatsun zai lalace.

"Ta ce a bar su don rigar," in ji shi. "Ta ce ba wanda zai lura."

Fanka tana ta juyawa. Auta ba ta waiwaya ba. Tana jin numfashin Yaya a bayanta, irin na mai hawa bene, tana jiran ta ce ƙarya ne, ko ta ce wani abu ma kowane iri. Ba ta ce ba. Sai Auta ta tuna Baba yana bin kundin da hannu ɗaya, Yaya kuma tana zaune a gefensa ranar tana gyara masa matashi.

Ta tambayi Ƙyas ko yana da na asali, wanda Baba yake ciki. Ya sunkuyar da kai ya ce an ce ya goge, ya goge.

Gwaggo ta miƙe ta gyara mayafi. Ta ce ko wa ya sa shi, bakinsa ne ya ce yawu, kada ya ƙara taka ƙofar ɗakin taronta, kuma yanzu-yanzu ya fitar da hoton nan ya ƙona. Auta ta samu abin da ta zo nema, amma ta ji shi a bakinta kamar ruwan da ya kwana a rana.

"Gwaggo, kada a ƙona," ta ce, muryarta a kwance. "A naɗe shi da kyau a kai wa mai shi. Falonta yana da babban bango, daidai inda baƙi suke zama. Ni zan zo in rataye mata."

Kujerar bayan fitila ta yi ɗan ƙara. Yaya ta ɗauki jakarta, ta tsallake wayoyin da aka manne a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ta ja ƙofar gilashin ta rufe ta a hankali yadda ba za ta buga ba. Ta gurbin da aka cire hoton, Auta ta hango ta tana tsallaka titi, ba ta ko duba motoci ba.