Inda Ƙafar Direba Take Tsayawa

Ni mai guga ne, kuma mai guga hannunsa ne kawai a kan kaya, idonsa yana titi. Don haka abin da ya gudana tsakanin Direba da Mai Shago a gabana aka yi shi.

Direba ya ajiye tuƙin bas ne da ƙafafunsa suka fara yi masa gardama. Hanyoyin jini sun toshe, da ya ɗan taka sai sharaɓarsa ta ɗaure kamar an shaƙe ta da igiya. Likita ya ce magani biyu ne: ya bar taba, kuma kullum ya yi tafiya har ciwon ya kama shi, ya huta, ya sake tashi. In ya ƙi, wata rana sai an yanke ƙafar.

Ciwon kuwa kullum a ƙofar Mai Shago yake cim masa. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse, daga ita sai sabulu da ashana da kwalayen taba. Ta fito masa da benci. Daga benci sai ruwan sanyi, daga ruwa sai hira. Matar da ko gaisuwa sai an roƙe ta, sai ga ta da kwalli tun da sassafe.

'Yar Direba ta zo har shagon ta roƙe ta. "Inna, don Allah ko Baba ya nemi taba kar ki ba shi. Likita ya ce ita za ta cinye ƙafar."

"Haba 'yar nan, ni da hankalina?"

Tafiya ta yi masa rana. Jini ya fara samun hanya, ciwon ya riƙa jinkiri. Wata safiya ya zo ya wuce bencin ko waiwaye babu.

"Direba! Yau ba gaisuwa?"

"Ai ƙafar ta wuce nan yanzu, sai bakin famfo take tsayar da ni," ya ce yana dariya. "Da ma ita ke ajiye ni a wurinki."

Bai san ya yi ɓarna ba, sakaran. Ita kuwa ta tsaya da kofin ruwa a hannu har ya sha kwana. Wallahi a ranar na tausaya mata.

Da ya dawo ta tare shi. "Ga wata taba nan ta karye a kwali, ba mai saye. In zubar?"

Ya dube ta, ya haɗiyi yawu. "Ai rabi ba taba ba ce."

Tun daga nan kullum sai an sami karyayya. Da idona na ga tana karya su da yatsunta kafin ya iso. Na faɗa masa, ya ce in kula da gawayina. Na faɗa wa 'yar, uban ya rantse bai sha ba, Mai Shago ta fashe da kuka, ni na zama munafukin layi.

Zuwa bakin famfo ya gagare shi. Ya dawo benci, yana huci yana murza sharaɓa, tana yi masa fifita da sannu. Daga baya babban yatsan ƙafarsa ya yi baƙi, sai muka ji yana asibiti.

Da aka sallamo shi, 'yar ta turo shi a keken guragu, wandon hagu a naɗe daga gwiwa an soke da fil. A ƙofar shagon ta tsaya.

"Inna, aiki zan koma, ba mai zama da shi. Ke kaɗai yake sakewa da ke. In ba takura..."

"Takurar me? Kawo shi nan inuwa." Ta sa dutse ta tokare tayar keken, ta gyara masa wuyan riga. "Je ki abinki, 'yar nan. Ina za shi?"