Abin da Yarinyar Ta Tambaya

Auta tana zuba shayi a kofuna lokacin da yarinyar ta buɗe baki, karo na farko tun isowarsu. Shayin ya malale a faranti.

'Yar yayanta ce, marigayi. Aiki ya kai shi wata ƙasa mai nisa, ya yi aure can, aka haifa masa wannan yarinya, bara kuma ciwo ya tafi da shi ba tare da kowa na gida ya gan shi ba. Yanzu matarsa ta kawo ta ta ga kakarta, Inna, gobe za su koma. Matar tana ɗan taɓa Turanci, yarinyar kuwa Sifaniyanci kaɗai take ji.

Saboda wannan zuwa Auta ta shiga ajin yamma na koyon Sifaniyanci, ita da ba ta wuce firamare ba. A shagon ɗinkin da take aiki har sun sa mata suna Baturiya, don tana guga tana ƙunƙunin kalmomi. Malamin ajin yana da nasa tsarin: ba ya barin ɗalibi ya yi magana sai kunnensa ya cika. Ya koya musu nahawu a allo, ya karanta musu labarai da waƙoƙi da Turanci da Sifaniyanci, su kuma su saurara su rubuta. Tsarin ya yi wa Auta daɗi, don ko da Hausa ba ta son a ji muryarta a cikin mutane. Ta iya ji sosai. Faɗa ce ba ta taɓa gwadawa ba.

Uwar yarinyar ta fita waje amsa waya, falon ya rage su uku. Yarinyar tana zaune a bakin kujera, jakarta a kan cinya, ta kafe Inna da ido. Auta ta ji kowace kalma tar, kamar malam ne ke karantawa. Yarinyar ta tambaya ne me ya sa ba wanda ya zo lokacin da babanta yake kwance a asibiti yana kiran sunayensu.

"Me takwarar tawa ta ce?" in ji Inna, tana matsowa. "Ke Baturiya, yau ranarki ce, kada ki ba mu kunya."

Auta ta dubi mahaifiyarta. Tun asuba tsohuwar take tsaye, ta canza labule, ta sa an saukar da hoton ɗanta an goge. Likita ya ce kada a riƙa tayar mata da hankali.

"Ta ce kina kama da babanta," in ji Auta, idonta a kan farantin.

Inna ta yi dariya, irin wadda ba a ji ba a gidan tun bara. Ta tafa hannu, ta ce ai shi ne ya sato kamanninta, har hancin, a gaya wa wannan ja'irar. Ta miƙa hannu za ta jawo ta jikinta.

Yarinyar ta ja da baya. Ta dubi bakin da ke dariya, ta dubi Auta, fuskarta ta rufe. Ta tashi ta fita wurin uwarta. Sai a lokacin Auta ta gane abin da ta aikata: yarinyar ta yi tambaya a kan mutuwar ubanta, kakarta ta amsa mata da dariya.

Da rana yarinyar ba ta ci abinci ba. Inna ta yi ta ba ta uzuri, wai gajiyar hanya ce, wai yaran yanzu sai a hankali. Da yamma uwar ta sami Auta a kicin, ta gaya mata da Turancinta mai sarƙewa cewa yarinyar ta ce ba za ta sake zuwa gidan nan ba. Ta tambaya ko wani abu ya faru. Auta ta ci gaba da cuɗa kofin da ta riga ta wanke, ta girgiza kai.

Amsar tambayar yarinyar kuwa tana nan. Su Inna sun nemi izinin shiga ƙasar, aka hana su. Inna ta yi ta jeka-ka-dawo a ofishin jakadancin ƙasar, da jakarta a ɗaure, har ranar da aka bugo waya cewa ya rasu. Auta ta san kalmomin duka, sun yi su a aji. Ba ta taɓa jin su da muryarta ba ne kawai.

Washegari da safe ba ta je shago ba. Akwatuna suna bakin ƙofa, ana jiran mota. Ta kamo hannun yarinyar, wadda ta biyo ta da ƙyar, ta zaunar da ita a gaban Inna. Ita kuma ta durƙusa a tsakaninsu.

"Inna, jiya ba haka ta ce ba."

Ta maimaita tambayar yadda take, ba ta rage komai ba. Inna ta goge ido da gefen mayafi, ta ce, "To, gaya mata. A hankali zan yi, ki bi ni."

Direba ya yi hon a waje. Auta ta juya ga yarinyar, ta fara.